Wai Gernot Rohr ya taɓa buga ƙwallo kuwa, ko fatarsa ce take ba shi aiki?

"Salam Koci, barka da ƙoƙari. Don Allah ka raba mana gardama. Ni ɗan Damagaram ne amma a Kano nake kasuwanci, kullum a majalisarmu sai an yi ta a kan Gernot Rohr. Abokina ya rantse wai mutumin nan bai taɓa buga ƙwallon kirki ba, fatarsa ce kawai take ba shi aiki a Afirka, wai ma ba Bajamushe ba ne tunda mu a Nijar Faransanci muka ji yana yi. Ni kuma na ce ai shi ya kai Mena, tawagar ƙwallon Nijar, gasar Afirka a Afirka ta Kudu, ya kai Najeriya kofin duniya a Rasha. To wane ne shi a ƙwallo, kuma koci ne na gaske ko sa'a ce kawai?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da kasuwa. Tambayar taka guda uku ce ka dunƙule, ko ya buga ƙwallo, ko Bajamushe ne, sannan ko ya iya aikin koci. Biyun farko ba su da wahala don abu ne da yake a rubuce, ta ukun ce za mu daɗe a kanta, kuma ni a ganina ba za ka gane Rohr koci ba sai ka fara sanin wane irin ɗan wasa ne shi, don yadda ya buga ƙwallo haka yake koyar da ita har yau, bai canza ba ko kaɗan.

Bajamushe ne, haifaffen Mannheim, ranar 28 ga watan Yuni 1953, kuma gidansu gidan ƙwallo ne tun kaka da kakanni. Akwai Oskar Rohr a danginsu, a matsayin kaka yake wajensa, shi ne ya ci fenareti a wasan ƙarshe na 1932 lokacin da Bayern Munich ta fara ɗaukar kofin Jamus a tarihinta. Shi Gernot a wani ƙaramin kulob na unguwa mai suna Neckarau ya taso, a 1972 Bayern ta ɗauke shi yana ɗan shekara 19. Toh a nan ne abokinka yake da 'yar gaskiya, don a shekara biyun da ya yi a Bayern wasannin lig da ya buga ba su kai goma ba, ɗan benci ne. Amma ka tambayi abokin naka su waye a gabansa. Beckenbauer ne, Paul Breitner ne, Schwarzenbeck ne, ga Sepp Maier a raga ga Gerd Müller a gaba, mutanen da suka ci kofin Turai da Bayern a 1974 kuma a shekarar suka ɗauko wa Jamus ta Yamma kofin duniya. Yaro ɗan baya ɗan shekara 19 ina zai ga wuri a nan? Sai ya tattara ya koma Waldhof Mannheim ta garinsu, daga nan Kickers Offenbach, ita ma ta faɗa rukuni na biyu a 1976, a 1977 ya tsallaka Faransa ya shiga Bordeaux.

A Bordeaux ya zama ɗan ƙwallo

Shekara 12 ya yi yana buga wa Bordeaux, daga 1977 zuwa 1989, wasan lig sama da 300, kuma ya karɓi takardar zama ɗan Faransa tun yana wasa, shi ya sa kuka ji shi da Faransanci kamar a can aka yanke masa cibiya. Kuma Bordeaux ta wancan lokacin ba irin wadda yaran yanzu suka sani ba ce, ita ce take juya ƙwallon Faransa. Sun ci lig a 1984 da 1985 da 1987, sun ci kofin ƙalubale na Faransa a 1986 da 1987, a cikinsu akwai Alain Giresse da Jean Tigana da Marius Trésor da Battiston da Bernard Lacombe, Rohr kuma yana cikin masu fara wasa a baya. Mutumin da ya ci lig sau uku a ƙungiya irin wannan a ce bai buga ƙwallon kirki ba, haba, ai maganar ba ta tsaya ba.

Sai dai ba tauraro ba ne, kuma wannan ne abin da nake so ka riƙe. Bai taɓa buga wa babbar tawagar Jamus ba, ba ya cikin waɗanda ake sayen tikiti don a gani. Aikinsa shi ne a nuna masa ɗan wasan da ya fi hatsari a ɗaya ɓangaren a ce kai da shi, sai ya zame masa ƙarfen ƙafa har a tashi. A 1985 Bordeaux ta haɗu da Juventus a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai, an ci su 3 da nema a Turin, da aka dawo gida aka ɗora Rohr a kan Platini wanda a lokacin shi ne gwarzon Turai, Bordeaux ta ci 2 da nema, saura ƙwallo ɗaya su rama. Tsofaffin magoya bayan kulob ɗin da wannan wasan suke tuna shi.

Kocinsu a kusan duk waɗannan shekarun Aimé Jacquet ne, wanda daga baya ya ci wa Faransa kofin duniya a 1998, kuma ka tuna ƙwallo biyu kacal aka zura wa Faransa a wasa bakwai na gasar nan. Jacquet mutum ne mai cewa a fara rufe gida tukuna, kowa ya san wurinsa, kar a yi gaggawa, sauran kuma a bar wa masu baiwa na gaba su nemo. A wannan makarantar Rohr ya yi karatu. Don haka in mutane suka ce "kocin Jamus" suna tunanin irin ƙwallon Klopp ta matsi da gudu ba numfashi, sun yi kuskuren adireshi, fasfo ne na Jamus amma tarbiyyar ƙwallonsa ta Faransa ce ta shekarun 1980.

Ni da nake horar da yara a filin unguwa shekaru da dama na lura da wani abu, yaron da Allah ya ba ƙafa da wuya ya iya yi maka bayanin abin da yake yi, ka tambaye shi ya aka yi ka yanke mutum uku sai ya yi dariya ya ce Koci haka kawai ta zo. Amma ɗan bayan nan da ba shi da gudu sosai, wanda dole sai ya karanci inda ƙwallo za ta faɗo kafin a bugo ta in ba haka ba a wuce shi, shi ne za ka ji yana yi wa 'yan uwansa tsawa yana gyara musu tsayuwa, irinsu ne suke zama koci. Matsalarsu guda ce, duk rayuwarsu tsoron a ci su suke, to ko sun girma sun riƙe ƙungiya wannan tsoron yana nan. In ka kalli Rohr a bakin layi za ka ga wannan ɗan bayan.

Bordeaux da Milan, 1996

Da ya ajiye takalmi bai bar Bordeaux ba, ya koma kula da makarantar yaran kulob ɗin, kuma ya zama mutumin da ake kira duk sanda abu ya lalace. Sau uku ana damƙa masa babbar ƙungiya. A 1991 hukuma ta jefa Bordeaux rukuni na biyu saboda bashi, shi ya riƙe ta ya dawo da ita a kaka ɗaya, suka ci kofin rukunin a 1992, da aka dawo sama sai aka ce an gode aka kawo Rolland Courbis. A farkon 1996 aka sake kiransa bayan an sallami Slavo Muslin, ƙungiya tana ta tangal-tangal a lig amma tana nan a gasar UEFA wadda ta shigo ta ƙaramar ƙofar Intertoto tun bazara.

Sai aka haɗa su da AC Milan ta Capello a kwata fainal, Milan mai Baresi da Maldini da Desailly da George Weah, wadda ita ce ta ci lig ɗin Italiya a kakar. An ci Bordeaux 2 da nema a San Siro kowa ya ce magana ta ƙare. Da aka dawo Bordeaux a watan Maris, Didier Tholot ya ci ɗaya, Dugarry ya ci biyu, 3 da nema, Zidane da Lizarazu suna matasa a ƙungiyar. Suka fitar da Slavia Prague, a wasan ƙarshe suka haɗu da Bayern, tsohon kulob ɗinsa, Beckenbauer ɗin nan da Rohr yake kallo daga benci shi ne koci a ɗaya ɓangaren. Bayern ta ci 2 da nema a Munich ta ci 3 da 1 a Bordeaux. A lig kuma na 16 suka ƙare. Sai aka sake cewa an gode, aka sake kawo Courbis ɗin dai. Abin dariya, shekara 16 bayan haka a Yamai shi Rohr ne ya gaji Courbis a kujerar Mena.

Abin da ya biyo baya a Turai ba wani abin a zo a gani ba ne, gara in faɗa maka gaskiya. Ya yi daraktan wasanni a Eintracht Frankfurt na ɗan lokaci, ya riƙe Créteil, ya riƙe Nice daga 2002 zuwa 2005 kuma nan ne ya fi taɓukawa don sabbin hawa ne ba kuɗi amma ya zaunar da su a rukunin farko, sai Young Boys ta Suwizalan, Ajaccio, Étoile du Sahel ta Tunisiya, Nantes, yawanci shekara ɗaya ko ƙasa da haka a raba gari. Ba kofi ko ɗaya. Lokacin da Gabon ta kira shi a 2010 manyan kulob na Turai ba sa layi a ƙofarsa, wannan in abokinka ya faɗa kar ka musa masa.

Gabon da Mena

A gasar Afirka ta 2012 da Gabon ta karɓi baƙunci tare da Equatorial Guinea, ya ci duka wasanninsa uku na rukuni, na farkon ma ku Nijar ya fara ci 2 da nema, sai Maroko 3 da 2, sai Tunisiya 1 da nema, Mali ta fitar da su a kwata fainal da bugun fenareti inda Aubameyang ya ɓarar. Ba a sabunta masa kwantiragi ba.

Maganar Mena kuwa ku biyun kowa ya ɗan ja bargo ɓangarensa. Wanda ya fara kai Nijar gasar Afirka a tarihi ɗan gida ne, Harouna Doula, a rukunin da yake da Masar da Afirka ta Kudu, wannan ba a ƙwace masa. Rohr ya zo ne a watan Satumba 2012 ana bakin wasa biyu da Gini na neman zuwa gasar Afirka ta 2013, an ci Mena 1 da nema a Konakiri, a filin Seyni Kountché aka rama 2 da nema aka wuce. A Afirka ta Kudu a 2013 Mali ta ci 1 da nema da ƙyar a ƙarshen wasa, aka yi canjaras ba ci da Kongo ta Kinshasa wanda shi ne makin farko da Nijar ta taɓa samu a gasar, Ghana kuma ta ci 3 da nema. Ka duba da kyau, wasa uku Mena ba ta zura ko ɗaya ba, amma ta wahalar da biyu daga ciki, Daouda Kassaly yana ta kaɗe ƙwallaye Moussa Maâzou shi kaɗai a gaba yana jiran a cillo masa. Hoton Rohr kenan. Bai kai ku ta 2015 ba, ya ajiye aiki a Oktoban 2014, ya je Burkina Faso a 2015 bai cika shekara ba.

Najeriya, inda gardamar take

Kafin a yanke masa hukunci sai an tuna a wane hali ya samu Super Eagles, don mu akwai saurin mantuwa. Keshi, Allah ya jiƙan rai, ya ci gasar Afirka a 2013 amma ba a je ta 2015 ba. Oliseh ya zo ya tafi cikin rigima a Fabrairun 2016. A watan Maris aka kawo wasa da Masar Kaduna, ina filin Ahmadu Bello ranar, mutane har kan ƙarafunan fitila da allon nuna ci saboda cika, Etebo ya ci muna ta murna muna jiran a busa tashi, Salah ya farke a mintunan ƙarshe filin nan ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Aka je Iskandariya aka ci mu 1 da nema, gasar 2017 ma ta wuce mu. Hukumar NFF ta sanar da Paul Le Guen a matsayin koci shi kuma ya ƙi zuwa. A haka aka ɗauko Rohr a watan Agusta 2016, ba wanda ya yi murna, kuma rukunin neman zuwa kofin duniya da yake jiransa akwai Kamaru da Aljeriya da Zambiya.

Ya je Ndola ya ci Zambiya 2 da 1, ya ci Aljeriya 3 da 1 a Uyo, ya zuba wa Kamaru 4 da nema alhali su ne zakarun Afirka a lokacin, ya yi 1 da 1 a Yawunde, Iwobi ya ci Zambiya a Oktoban 2017 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin Rasha saura wasa ɗaya. Wannan ba sa'a ba ce, sa'a ba ta yin wasa biyar a jere. Kuma a tsakiyar haka ya rasa golansa Carl Ikeme da aka gano yana da kansar jini. Wasan ƙarshe da Aljeriya ne aka yi abin kunya, aka saka Shehu Abdullahi alhali yana da katin gargaɗi biyu, FIFA ta ƙwace makin ta ba Aljeriya 3 da nema, Allah ya taimaka an riga an wuce. Laifin lissafin kati na ofis ne da benci gaba ɗaya, ba na yaron ba.

Me ya yi har abin ya gyaru? Ba wani sihiri. Ya zaɓi mutanensa ya tsaya a kansu, Balogun da Troost-Ekong a tsakiyar baya, Ndidi da Onazi ko Etebo a gabansu, Mikel kyaftin, Moses da Simon ko Iwobi ko Ahmed Musa a gefe, Ighalo a gaba, in an ƙwace ƙwallo a cilla wa masu gudu. Kocin ƙasa ba kamar na kulob ba ne, 'yan kwanaki yake samun yara a hannunsa, su sauka Litinin ko Talata wasu ma Laraba a buga wasa Juma'a ko Asabar, ba lokacin koyar da sabon salo. Ko ni da nake ganin yarana kusan kullum, in na canza musu tsarin tsayuwa sai mun yi makonni ana karo da juna kafin ya zauna. To wanda yake da atisaye biyu ko uku, in yana da hankali abu mai sauƙi zai ba su kuma ya riƙa kiran mutanen da suka saba da juna. Sannan ba ya faɗa da 'yan wasa a jarida, ba ka jin rigimar kyaftin da koci irin ta da, ko albashinsa da ake riƙewa wata da watanni bai cika fitowa yana kumfar baki ba. Rohr kamar maginin nan ne da ake kira da damina in katanga ta tsage, zai tokare ta ya yi faci ruwa ya daina shiga, amma in bene kake so sai dai ka nemo wani.

Wasa biyu a Rasha sun isa su nuna maka shi gaba da baya. Da Kuroshiya ya saka Mikel a lamba goma, ƙungiya ta yi sanyi, aka ci mu biyu duka daga bugun kusurwa aka samo su, ɗaya Etebo ya ci gida ɗaya fenareti. Da Iceland sai ya canza, ya koma 'yan baya uku, ya mai da Moses gefen dama yana hawa yana sauka, ya ja Mikel baya, ya saka Ahmed Musa da Iheanacho a gaba. Rabin farko ko shot ɗaya ba mu buga ba. Da aka dawo hutu ya saka Ebuehi, minti huɗu da dawowa Moses ya kwaso ƙwallo a guje ta dama ya ɗago ta, Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ta ya ɗaɗa ta sama cikin raga kafin ta gama dira, a minti na 75 kuma Omeruo ya cillo doguwa ta hagu Musa ya tsere wa ɗan baya ya kwantar da gola ya zuba ta biyu. A gidan kallon da nake benci biyu aka karya ranar. Wannan gyaran na koci ne, a ba shi.

Kwana huɗu bayan haka sai ga ɗaya fuskar. Da Ajantina, Messi ya ci Moses ya farke da fenareti, canjaras ya ishe mu mu wuce, saura minti goma sha wani abu yara sun gaji kowa yana gani, Ajantina ta kwaso kowa da kowa ta taho, Rohr yana da canji biyu a hannu ya tsaya yana kallo. Minti na 86 Rojo ya ci. Sai bayan an ci sannan ya saka Iwobi da Simy. Ni a nan nake ganin babban rauninsa, yana shirya wasa da kyau kafin a fara, amma in wasa ya juya yana gudana hannunsa yana nauyi, kamar yana tsoron in ya taɓa abu zai rushe. Haka aka yi da Saliyo a birnin Benin a Nuwamban 2020, muna 4 da nema cikin minti 30 aka tashi 4 da 4, wannan karon ma canjin da ya yi ne ya ƙara kwance ƙungiyar.

A gasar Afirka ta Masar 2019 ya zo na uku, ya fitar da Kamaru 3 da 2, ya fitar da Afirka ta Kudu 2 da 1, Mahrez na Aljeriya ya kashe mu da bugun tazara a daƙiƙar ƙarshe ta wasan kusa da na ƙarshe, Ighalo ya fi kowa cin ƙwallo da guda 5. Amma a gasar ce kuma Madagaska ta ci mu 2 da nema. Ƙasar da ta yi gasa biyu tana kallo a talabijin, na uku ba abin rainawa ba ne. Matsalar ita ce daga nan ƙungiyar ba ta ƙara gaba ba alhali kayan aiki sun ƙaru, ga Osimhen ya nuna, ga Chukwueze, ga Aribo, ga Iheanacho yana ci a Leicester, amma salon yana nan jiya i yau. Ƙwallon jira da cilla wa masu gudu tana aiki in kana wasa da wanda ya fi ka ko kuke kai ɗaya don shi zai fito ya bar fili a bayansa. In ka haɗu da ƙaramar ƙasa da ta tara mutum goma a gidanta, dole sai kana da hanyar buɗe su, shi kuma ba shi da ita. Shi ya sa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo har Legas ta ci mu 1 da nema a Oktoban 2021, Cape Verde ta riƙe mu 1 da 1 a Nuwamba muna ta addu'a a tashi. Ranar 12 ga Disamba 2021 aka sallame shi, bayan shekara biyar da 'yan watanni, ba kocin da ya taɓa daɗewa haka a kujerar a jere.

Sai maganar 'yan wasan gida, wadda ita ta fi ɓata shi a wajen mutanenmu. A cikin 23 da ya kai Rasha gola Ezenwa ne kaɗai yake buga lig ɗin Najeriya, ya fi son ya je ya lallaso yaran da aka haifa a Turai, su Ola Aina da Ebuehi da Aribo da Maduka Okoye. Ina fahimtar dalilinsa, yaron da ya taso a makarantar ƙwallo ta Ingila ko Jamus tun yana ɗan shekara tara an koya masa inda zai tsaya in ba ƙwallo a ƙafarsa, namu kuma baiwa ce zalla a filin da ƙwallo take tsalle yadda ta ga dama, mu masu horar da su mun san da wannan giɓin. Amma fahimta daban yarda daban. Mutumin da ya yi shekaru yana kula da makarantar yara a Bordeaux ya fi kowa sanin cewa ɗan wasa yin sa ake yi, kuma ba a cika ganinsa a filayen lig ba, har sai da NFF ta saka masa zama a Najeriya da kallon wasannin gida cikin sharuɗɗan sabon kwantiragin 2020. Da ya ɗauki ko mutum biyu uku daga Pillars ko Enyimba ko Plateau yana ajiye su a sansani suna gogewa, da yanzu ana tuna shi da wani abu da ya dasa. A ɗaya ɓangaren kuma ya riƙe Ahmed Musa ko lokacin da ba shi da kulob bayan ya bar Al Nassr, kafin ya dawo Kano Pillars a 2021, 'yan jaridar kudu suka yi ta surutu bai saurare su ba. Halinsa ne, in ya yarda da mutum ya yarda kenan, wani lokacin ya yi rana wani lokacin ya hana sabon jini shigowa.

Batun fata kuwa, ba zan ce babu shi a ƙwallon Afirka ba, akwai shi, hukumominmu sun fi haƙuri da Bature kuma sun fi biyansa, abin da Keshi ya yi ta kuka a kai kenan. Amma fata ba ta cin wasa. Berti Vogts Bajamushe ne da ya fi Rohr suna nesa ba kusa ba, ya ci kofin duniya yana ɗan wasa a 1974 ya ci kofin ƙasashen Turai yana koci a 1996, ya zo Najeriya a 2007, Ghana da take wasa da mutum goma ta fitar da shi a kwata fainal na gasar Afirka a 2008 ya tattara ya tafi. Winfried Schäfer kuma da bai kai shi suna ba ya ci wa Kamaru kofi a 2002. Rohr ya daɗe a nahiyar nan ne don ya iya zama da mu, ya san jirgi zai makara, fili zai zama ba daɗi, alawus zai tsaya a hanya, kuma ba ya fasa aiki saboda haka.

Ni fa daga bakin fili da gaban talabijin nake magana, ban taɓa shiga ɗakin canza kayansu ba, kuma horar da yaran unguwa daban yake da riƙe mutanen da suke ɗaukar miliyoyi a mako, don haka abin da na faɗa a kan canjinsa da tsarinsa ra'ayin mai kallo ne da ya ɗan san aikin, wani kocin zai iya gani daban. Ko korarsa ma ra'ayina biyu ne a haɗe, lokacin rabuwa ya yi, amma ba saura wata ɗaya a fara gasar Afirka ba, bayan Masar ko bayan Saliyo ya kamata a yi ta. Eguavoen ya karɓa ya ci wasa uku a Garwa kowa yana cewa kun gani, Tunisiya da korona ta cinye mata rabin ƙungiya ta fitar da mu 1 da nema, a watan Maris 2022 Ghana ta yi 1 da 1 a Abuja ta tafi Qatar ta bar mu, sannan FIFA ta umarci NFF ta biya Rohr diyyar sama da dala dubu 370 saboda karya kwantiragi.

A Fabrairun 2023 Jamhuriyar Benin ta ɗauke shi yana dab da shekara 70, kuma nan ne irin aikin da ya dace da shi, ƙaramar ƙasa mai 'yan wasa daidai gwargwado wadda ba wanda zai zage shi in ya tare gida. A watan Yuni 2024 a Abidjan ya ci Najeriya 2 da 1 a wasan neman zuwa kofin duniya, bayan mu muka fara ci, kocin Najeriya na lokacin Finidi George ya ajiye aiki 'yan kwanaki bayan haka. Ya kai Benin gasar Afirka ta Maroko, kuma har ranar wasan ƙarshe na rukunin kofin duniya a Oktoban 2025 su ne a saman tebur, gaban Afirka ta Kudu da Najeriya. Suka zo Uyo tikitin yana hannunsu, Osimhen ɗin da shi Rohr ya fara saka wa rigar Super Eagles a 2017 ya zura musu uku, aka tashi 4 da nema.